Yadda Ake Rubuta Labarin Tafiya Ƙasar Waje Ba Tare da An Zalunci Masu Ƙasar Ba

Duk wanda ya tashi a Jos ya san ɗacin karanta labarin garinsu daga alƙalamin baƙo. Tun bayan rikicin watan Satumba na shekarar 2001 mun sha ganin marubuta suna shigowa, su kwana biyu a masauki, a zaga da su cikin mota gilashi a rufe, sannan su koma su siffanta garin kamar babu abin da ke cikinsa sai hayaƙi da shingen sojoji. Ba a ce sun ƙirƙiri abin da suka gani ba, domin rikicin ya faru kuma an yi asarar rayuka masu yawa, amma a cikin waɗanda na karanta babu wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Farin Gada ya ga yadda ake sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji da karas cikin sanyin asuba, ko ya tsaya ya saurari Bahaushe da Birom suna ja-in-ja a kan farashin dankali cikin harshe ɗaya. Na fara da wannan ne saboda ranar da ɗayanmu ya sauka a Addis Ababa ko Istanbul ko Guangzhou da niyyar rubutu, shi ne ya zama wannan baƙon mai alƙalami, kuma haƙƙin da muke kukan an tauye mana shi ne ya hau wuyansa.

Rubutun tafiya yana da asali a Hausa. Dorugu, yaron nan Bahaushe na yankin Damagaram wanda ya bi Bajamushe Heinrich Barth har zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, wani malamin mishan mai suna J. F. Schön ya rubuta shi daga bakinsa. Alhaji Abubakar Imam, lokacin yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. A yau matafiyanmu sun ninka na wancan zamani sau dubbai: 'yan kasuwa zuwa Sin da Dubai, ɗalibai zuwa Misira da Malesiya, masu neman magani zuwa Indiya, masu ziyara zuwa Fas da Kaulaha, ban da masu aikin Hajji da Umura. Akasarinsu suna dawowa da hotuna cike da waya, amma da wuya ka sami shafi biyu a rubuce. Abin da ke biye shawarwari ne ga wanda ya yi niyyar cike wannan giɓi.

Kafin a ɗaura kaya

Ka zaɓi tambaya guda da za ka tafi da ita. Wanda ya ce zai rubuta "komai game da Turkiyya" a tafiyar kwana goma zai dawo da jerin sunayen gine-gine da kowa zai iya samu a intanet. Wanda kuwa ya tafi yana son sanin yadda talakan Istanbul yake zuwa wurin aiki da safe, ko yadda ake kula da masallatai masu shekaru ɗari biyar, ko yadda mata ke cin kasuwa, ya san inda zai sa ƙafa da wanda zai tambaya. Tambayar tana iya sauyawa idan an isa, kuma sau da yawa takan sauya, amma dai a tafi da ita.

Sai karatu. Ka san babban birnin ƙasar, da kuɗinta, da manyan ƙabilunta da addinanta, da shekaru huɗu ko biyar da suka sauya tarihinta. Mai zuwa Turkiyya ya kamata ya san cewa Ankara ce hedikwata, cewa Daular Usmaniyya ta Turkawa ta ci Istanbul a 1453, cewa an kafa jamhuriya a 1923, kuma a 1928 aka bar rubutun baƙaƙen Larabci aka koma na boko, abin da ya sa Baturke na yau, in ba wanda ya yi karatu na musamman ba, ba ya iya karanta rubutun da ke kan kabarin kakan kakansa. Wanda bai san wannan ba zai wuce ta maƙabarta bai ga komai ba sai duwatsu. Ka haddace gaisuwa, da godiya, da "nawa ne", da "ka yi haƙuri" a harshensu. Mu da kanmu mun san yadda fuskar mai shayi ke sakewa idan Bature ya ce masa "ina kwana".

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu, biro biyu, waya mai ɗaukar murya, da batirin ajiya na caji. A tuna cewa soket ɗin Turkiyya da na Habasha mai ƙafa biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai ƙafa uku ba, don haka a sayi mahaɗi tun daga gida. Mai zuwa Sin ya sani cewa Facebook da WhatsApp da Google a toshe suke a can, WeChat ake amfani da shi. Batun fasfo mai sauran wa'adin wata shida, da biza, da katin rigakafin shawara, wannan kowane matafiyi ya san shi, ba sai na tsawaita ba.

Gani, ji, da zato

Nan ne zuciyar aikin. Kowane dare kafin ka kwanta, komai gajiya, ka zauna ka rubuta abin da ya faru a ranar, kuma ka raba shafinka gida uku: abin da ka gani da idonka, abin da aka gaya maka tare da wanda ya gaya maka, da abin da kake zato. Idan ka bari sai ka dawo gida, waɗannan ukun za su cakuɗe a kanka, zatonka ya rikiɗe ya zama kamar abin da ka gani, maganar direban tasi guda ta koma "mutanen ƙasar suna cewa". Malaman Hadisi sun daɗe da koya mana bambanci tsakanin wanda ya ce "na ji" da wanda ya ce "an ce", kuma marubucin tafiya mai ba da shaida ne, wannan ladabin ya hau kansa.

Bari in ba da misali da abin da ya same ni. A kwanana na biyu a Addis Ababa, babban birnin Habasha, na yi alƙawari da wani dattijo mai sayar da gahawa a kasuwar Merkato cewa zan zo mu tattauna washegari, ya ce in zo ƙarfe biyu. Na isa ƙarfe biyu na rana daidai, na tarar ya tafi, yaron shagon kuma ya nuna mini da hannu cewa an jira ni an gaji. Daren nan na rubuta a gidan gani cewa ban same shi ba, na rubuta a gidan zato cewa wataƙila mutanen nan ba su damu da cika alƙawari ba. Washegari mai masaukina ya warware mini: Habashawa suna fara ƙirga awoyin yini ne daga ketowar rana, ƙarfe bakwai na safe namu shi ne ƙarfe ɗaya nasu, saboda haka ƙarfe biyun dattijon ƙarfe takwas na safe yake nufi. Mutumin ya bar harkokinsa ya zauna jirana da hantsi, ni ne na saɓa masa da awa shida. Da a ce ban ware zato daban ba, da na buga wa dubban masu karatu cewa al'umma guda ba ta da alƙawari, alhali laifin rashin sanina ne. Na koma na ba shi haƙuri, kuma har yau ina jin nauyin wannan layin da na kusa bugawa. Masu magana da Suwahili a Kenya da Tanzaniya ma haka suke ƙirga lokaci, mai zuwa can ya kiyaye.

Haka kalandarsu take da nata tsarin. Wata goma sha uku ne: goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, da ɗan gajeren wata mai kwana biyar ko shida, sabuwar shekara tana kamawa 11 ga Satumba, wani lokaci 12, kuma lissafinsu yana bayan na Turawa da shekara bakwai ko takwas. A watan Satumba na 2024 suka shiga shekararsu ta 2017. Wanda ya ga wannan kwanan wata a rasit ya ɗauka kuskure ne ko tsohuwar takarda ce, ya sake faɗawa ramin da na faɗa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, maganin makantar kuwa tambaya. Duk abin da ya ba ka mamaki ko ya ɓata maka rai, ka nemi dalilinsa wajen mutum uku daban-daban kafin ka yanke hukunci, kuma kada ukun su zama duka ma'aikatan masaukinka, domin su aikinsu ne su gaya maka abin da zai yi maka daɗi.

Alamun jiki ma suna yaudara. Baturke idan ya ɗaga haɓa sama tare da ɗan tsaki, "a'a" kawai yake nufi, babu raini a ciki, amma Bahaushen da aka yi wa tsaki a shago zai fita yana huci. Ba'indiye yakan kaɗa kai gefe da gefe yana nufin ya ji ko ya yarda, mu kuwa mu ɗauka ƙi ne. Irin waɗannan ka rubuta su yadda ka gan su, ka bar fassara sai ka tambaya.

A gidan gani, ka cika lambobi da sunaye. Sunan unguwa da titi da abinci, ka miƙa littafinka ɗan gari ya rubuta maka da hannunsa. Farashi ka haɗa shi da kwanan wata, kuma kada ka tsaya ga juya shi zuwa naira kaɗai, domin mun ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a tsakiyar 2023 zuwa sama da naira 1,000 a farkon 2024, duk wani lissafin naira da aka rubuta kafin nan ya zama tarihi. Ka tambayi abin da lebura ke samu a yini, ka auna kuɗin burodi da na mota da shi. Wannan awon ba ya tsufa da wuri, kuma shi ke nuna ko rayuwa tana da sauƙi ga masu garin.

Game da inda za a je, wuraren da ake kai masu yawon buɗe ido suna da amfaninsu, amma rayuwar gari tana tashar mota, da kasuwar kayan miya, da shagon aski, da wurin ibada bayan an idar, da gidan biki ko na makoki in an gayyace ka. A Istanbul, jirgin fito da ke tsallaka mashigin Bosforus daga Eminonu a ɓangaren Turai zuwa Uskudar a ɓangaren Asiya ya fi koya mini halin mutanen birnin fiye da kowace fada: ma'aikata suna tsallaka nahiya biyu da safe riƙe da ƙaramin kofin gilashi na shayi, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi abin da ni nake kallo baki buɗe. Mata marubuta kuwa suna da wata dama da maza ba su da ita, domin a ƙasashe da yawa su ake shigarwa cikin gida har madafa, inda rabin labarin kowace al'umma yake.

Yadda za a kawo nesa kusa

Mai karatunka yana Bauchi Road ko Gangare ko Nyanya, wataƙila bai taɓa hawa jirgin sama ba, kuma ba ya iya ganin abin da ba shi da makamancinsa a kansa. Aikinka shi ne ka ɗora abin da bai sani ba a kan abin da ya sani. Idan ka ce Addis Ababa tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,350, lamba ce kawai. Idan ka ƙara cewa Jos, duk da sanyin da muke taƙama da shi, tana kan kimanin mita 1,200 ne, wato Addis ta kusa ninka ta, kuma hawa bene hawa biyu a ranar farko yakan sa baƙo haki, to ya ji abin a ƙirjinsa.

Ga yadda mutane da yawa ke rubuta abinci: "An kawo mana wani irin abinci mai ban mamaki, gwanin daɗi, sai wanda ya gani." Wannan jimla babu abin da ta gaya wa kowa. Ga kuma yadda za a iya faɗin abu ɗaya: "Aka ajiye mana tire guda a tsakiya, an shimfiɗa masa injera. Ka ɗauka sinasir ne da aka faɗaɗa ya kai girman faifai, mai ƙananan ramuka a fuska ɗaya kamar na sinasir, sai dai launinsa toka-toka ne kuma ya fi tsami nesa ba kusa ba, domin ƙullunsa yakan yi kwanaki yana tashi. Da wani hatsi ake yin sa mai suna tef, wanda ƙwayarsa ba ta kai ta acca girma ba. A kansa aka zuba miya kala-kala tsibi-tsibi, ba cokali, kowa ya yago gefe da hannun dama ya dangwala. Can sai mai gidan ya naɗe loma ya nufo bakina da ita da hannunsa. Sunan wannan gursha, karramawa ce ga baƙo, kuma ƙin karɓa ba ya yi wa mai bayarwa daɗi." Mutumin Filato ya san acca, kowane Bahaushe ya san sinasir da faifai, saboda haka tiren nan ya iso gabansa.

Kalmomi irin su "ban mamaki" da "ban sha'awa" da "ƙayatarwa" ka ɗauke su a matsayin alamar cewa ka gudu daga aiki. Duk inda ka same su a rubutunka, ka tambayi kanka me ka gani da ya sa ka faɗi haka, ka rubuta abin, ka goge kalmar. Kuma kada ka dogara ga ido kaɗai. Zaman shan gahawa na Habasha, wanda suke kira buna, hanci ne ke fara ba da labarinsa: ana soya ɗanyen ƙwayar a gabanka, a zaga da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, a daka, a dafa a butar ƙasa mai dogon wuya, ga turaren lubban yana tashi, ga gugguru a gefe, kuma zagaye uku ake sha. Wanda ya tashi bayan kofin farko ya katse hira tun ba ta nuna ba.

Amma kwatance yana da iyaka, kuma nan ne da yawa daga cikinmu ke zamewa. Akwai mai dawowa daga Dubai ya mai da kowane sakin layi bulalar dukan Najeriya, akwai kuma mai dawowa daga Turai ya mai da kowane sakin layi wa'azi a kan lalacewar tarbiyyarsu. Dukansu biyu sun daina kallon ƙasar da suka je, kansu suke kallo. Kwatance awo ne, kamar mudu, don mai karatu ya gane girman abu. Idan kana da hukunci, kuma marubuci yana da ikon ya yi hukunci, ka faɗe shi sau ɗaya a fili da sunanka bayan ka gama nuna abin da dalilinsa. A Habasha ana cin ɗanyen naman sa, yankakke ko niƙaƙƙe da yaji da man shanu. Ni ban iya ci ba, kuma na faɗi haka a rubutuna, amma na faɗi yadda suke zaɓen naman da lokutan da suke cin sa, na kuma tuna cewa mu ma muna soya fara mu ci da yaji muna santi, abin da wasu al'ummu ba za su iya ko kallo ba.

Ka guji kalmar "duk". Sin tana da mutane kimanin biliyan 1.4, wanda ya yi mako biyu a unguwar Xiaobei ta Guangzhou yana sarin kaya bai ga Sinawa ba, ya ga 'yan kasuwar unguwa guda ne. Indiya tana da harsuna 22 da kundin tsarin mulkinta ya lissafa, Habasha tana da harsuna sama da 80. Wanda ya kwana uku a Maitama ya rubuta cewa 'yan Najeriya suna zaune a gidaje masu lambu, me mutumin Mararaba zai ce masa?

Amanar waɗanda suka yi magana da kai

Ka gaya wa mutum tun farko cewa rubutu za ka yi. Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko hoto, musamman na mata da yara da masu ibada, kuma ka nisanci ɗaukar barikin soja da ofisoshin gwamnati da wuraren bincike na filin jirgi, domin a ƙasashe da yawa wannan laifi ne da ake tsare mutum a kansa. A kusan duk babban birnin da ka je za ka tarar da 'yan uwanmu, wasu bizarsu ta ƙare, wasu suna sana'ar da doka ba ta ba su izini ba, kuma su ne za su ba ka tuwo su buɗe maka cikinsu saboda daɗin jin Hausa. Kada ka saka suna, ko hoto, ko unguwa, ko garinsu na asali, ko wani abu da za a gane su da shi. Kai za ka hau jirgi ka dawo, su suna can. Haka ɗan ƙasar da ya soki gwamnatinsa a gabanka.

Idan ta bakin tafinta ka ji magana, ka faɗi haka. Idan wata gwamnati ko kamfani ne ya biya maka kuɗin jirgi da masauki, ka faɗi haka a farkon rubutun, domin mai karatu yana da haƙƙin sanin wanda ya zaɓa maka abin da ka gani. Addinin wasu kuwa ka bayyana shi yadda mabiyansa za su karanta su ce haka ne. Wannan ba ya rage maka komai a naka.

Kada kuma ka manta da abin da mai karatunka zai buƙata in shi ma ya tafi: inda masallaci ko coci yake, inda ake samun halal, yadda ake alwala a wurin da ba buta. A Addis mahautan Kirista sukan sa alamar gicciye a shagonsu, na Musulmi jinjirin wata. A Sin gidajen abincin Musulmi suna da tambarinsu, yawanci da rubutun Larabci a gefe.

Idan an dawo gida

Ka bar littafin ya huta kwana biyu ko uku, amma kada ya wuce mako biyu. Sannan ka karanta shi duka ka ja layi a ƙarƙashin wurare huɗu ko biyar da har yanzu kake ganinsu in ka rufe ido. Su ne ginshiƙan labarin, saura ciko ne.

Al'adarmu ce mu fara da ranar da muka bar gida, da motar da muka hau zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi, da yadda aka duba kaya a filin jirgi na Nnamdi Azikiwe. A ganina, in ba wani abu ne ya faru a hanyar ba, a tsallake wannan duka. Mai karatu a waya ba zai bi ka shafi biyu kafin jirgi ya tashi ba. Ka fara da inda abu ke faruwa, a shagon dattijon da ya tafi ko a gaban tiren injera, daga baya ka koma ka faɗi yadda aka yi ka zo. Ba dole ba ne kowace rana ta sami rabonta. Ranar da ba abin da ya faru jimla ɗaya ta ishe ta, awa guda mai albarka kuwa tana iya cin shafi uku. Tarihi ka sa shi a daidai inda mai karatu zai buƙace shi, kaɗan-kaɗan kamar gishiri a miya, kada ka jibge shi wuri ɗaya a farko.

Sunayen da Hausa ta riga ta mallaka ka yi amfani da su: Misira, Alƙahira, Habasha, Sin, Landan, Fas. Sunan abin da ba mu da shi, kamar injera ko gursha, ka kawo shi yadda masu shi ke faɗa, ka bayyana shi sau ɗaya, ka ci gaba da rubuta shi iri ɗaya har ƙarshe. Abin da za a iya siffantawa da Hausa kuwa a siffanta shi, kamar jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, ko matakala mai tafiya da kanta.

Kowace shekara da kowace lamba ka sake tabbatar da ita, har da wadda ɗan jagora ya faɗa da ƙarfin gwiwa, domin abubuwa suna sauyawa. Aya Sofiya ta Istanbul an kammala ta a matsayin coci a shekarar 537, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban farko na jamhuriyar Turkiyya, sannan a 2020 ta sake komawa masallaci. Wanda ya kwafo daga littafin da aka buga kafin wannan shekara zai aika masu karatunsa da bayanin da ya shuɗe.

Kafin ka buga, ka ba mutum biyu. Na farko wanda bai taɓa fita ba. Ni gwaggota nake karanta wa da babbar murya a tsakar gidanta da ke Gangare, kuma ita ce ta katse ni a tsakiyar labarin Habasha ta ce, "To ɗana, duk wannan cin da hannu, da me suke wanke hannun? Kuma matan gidan tare da ku suka ci ko daban?" Na ce, "Gwaggo, na gani amma ban sa a labarin ba." Na koma littafina na tarar da shi a gidan gani: yarinyar gidan ce ta zaga da buta da kwano tana zuba wa kowa ruwa kafin ci da bayansa, uwargidan kuma da ita aka zauna a tire ɗaya. Karatu da babbar murya yana kuma tona jimlar da aka gina da Turanci aka sa mata rigar Hausa, domin harshe yakan yi tuntuɓe a kanta.

Na biyu ɗan ƙasar ne, ko wanda ya daɗe a cikinta. A Abuja ba su da wuyar samu, ga ma'aikatan ofisoshin jakadanci, ga 'yan kasuwa, ga ɗalibanmu da suka yi shekaru a can suka dawo, ko kuma ka fassara wa mai masaukinka muhimman wuraren ta waya. A rubutuna na farko na ce Habashawa ba sa cin nama ranar Laraba da Juma'a. Wani malami ɗan asalin birnin Harar na Habasha da na karanta wa ya tsayar da ni ya ce, "Malam, wannan azumin mabiya cocin Otodoks ne. Mu Musulmi kusan kashi ɗaya ne cikin uku na ƙasar, ga kuma Kiristocin da ba na wannan cocin ba, ka shafe mu duka da jimla guda." Na duba, ƙidayar 2007 ta ba Musulmi kimanin kashi 34 cikin ɗari. Na gyara jimlar ta koma cewa mabiya cocin Otodoks ba sa cin nama da madara da ƙwai a waɗannan ranaku biyu, shi ya sa gidajen abinci da yawa a Addis ke dafa abincin wake da ganye zalla a ranakun, wanda Musulmi baƙo zai iya ci hankalinsa kwance.